Kalmar da na ja wa layi

Ina ɗan shekara 14 aka fara miƙo mini takardar asibiti in karanta. Mahaifiyarmu ce ta dawo daga ɗaukar hoton ciki, ta zauna tana haki. Yaya ta zaro takardar daga ambulan ta ce, "Kai da ka iya Turanci, duba mana abin da suka ce." Na duba. Layi shida ne ko bakwai, ko rabinsu ban gane ba. Amma idona ya maƙale a kan wata kalma guda, don ta fi sauran gajarta kuma na iya haɗa baƙaƙenta: "lesion". Na ɗauki biro na ja mata layi. Sannan na ɗago na ce likita ya ce a ci gaba da shan magani. Ƙarya na yi, kunyar in ce ban gane ba ce ta hana ni faɗin gaskiya.

Bayan wata bakwai Inna ta rasu. Ciwon daji ne, haka manya suka ce. A zuciyar yaro kuwa lissafin ya riga ya kammala: ga kalmar da na gani, ga abin da ya biyo baya. Ban tambayi kowa ba. Na haɗa su na ɗaure, na girma da su a haka.

Allah cikin ikonsa, da kalmomi na zo na ci abinci. Na karanci Faransanci, na zama malami, kuma ba abin da nake so a aji kamar bin kalma har saiwarta. A nan na sake haɗuwa da ita, domin Faransawa ma suna da ita, da 'yar alama a kan wasalin farko. Na san daga Latin ta fito, daga "laesio", wato rauni ko cutarwa, ita kuma daga aikatau "laedere", bugu ko ji wa abu ciwo. Na san ta hanyar tsohon Faransanci ta shiga Turanci wajen ƙarni na 15. Duk wannan ina iya rubuta shi a allo ba tare da duba littafi ba. Abin da ban sani ba shi ne aikin da likita yake sa ta idan ya rubuta ta, kuma ban ma san cewa ban sani ba.

Ina da shekara 38 ciwon kai ya fara. Da asuba ya fi tsanani, wani lokaci har da amai. Na ɗora wa gajiya laifi. Akwai kuma wani tari da ya ƙi tafiya, da zufar dare, da wando da ya fara yi mini yawa, amma ban taɓa kawo cewa suna da alaƙa da kai ba. Sai wata rana ina rubutu a allo, babban yatsana na dama ya fara rawa shi kaɗai. Ina kallonsa, na kasa tsayar da shi. Rawar ta hau hannu, ta hau kafaɗa, ta kama gefen bakina. Alli ya faɗi. Ina ji, ina gani, ɗalibai sun zuba mini ido, na buɗe baki in ce su zauna babu komai, maganar ta ƙi fita. Ba harshena ne ya yi nauyi ba. Kalmar ce na nema na rasa, kamar ka sa hannu a aljihun da ka san ka ajiye abu ka ji wayam. Bai fi minti biyu ba abin ya wuce.

Washegari na je asibiti ni kaɗai, aka tura ni hoton ƙwaƙwalwa da na'urar CT. Da sakamakon ya fito aka ba ni a ambulan, aka ce in kai wa likita. Ban kai ba. A bakin ƙofa na buɗe, kuma a layi na uku na gan ta. Ban tsaya karanta abin da ke gabanta ko bayanta ba. Na ji ƙafafuna sun yi sanyi, na nemi benci na zauna. Abin da ke yawo a kaina kawai shi ne wata bakwai.

Wannan shi ne wurin da ya fi yi mini wuyar rubutawa, kuma saboda shi nake rubutun. Na koma gida na sa takardar a tsakiyar babban ƙamusina, na mayar da shi kan kanta. Matata ta tambaye ni, na ce sun ce gajiya ce da hawan jini kaɗan. Na yanke wa kaina hukunci cewa tunda abin da ya kashe Inna ne, ba zan ƙarar da abin da muka tara a yawon asibiti ba, ba zan kuma bari yarana su kalle ni ina narkewa a gado kamar yadda na kalle ta ba. A lokacin gani nake jarumta nake yi. Na fara biyan ƙananan basussuka. Na rubuta abin da nake bi da abin da ake bi na. Na riƙa jan yaran a jiki fiye da da, ina kwantar da ƙaramin a ƙirjina har ya yi barci, ina tari a kansa.

Wata huɗu na yi a haka. Rawar hannun ta dawo sau uku, sau biyu ina ni kaɗai. Kalmomi suka fara guje mini ko ba rawar. Sai in nuna kujera in kasa kiran sunanta, in ce "abin nan na zama". A aji na koma ba da aikin rubutu don kada a ji ina inda-inda. Da dare idan kowa ya yi barci ina kallon ƙamusin nan a kan kanta, ina jin kamar akwai maciji a cikinsa.

Na huɗun a gaban iyali ya same ni, kuma bai tsaya a hannu ba. Na faɗi, jikina duka ya ɗauki jijjiga, na ciji harshe. A gadon asibiti na farka. Matata tana zaune a gefe riƙe da takardar. Ashe 'yarmu ta fari ce ta ɗauko ƙamusin don aikin makaranta kwana biyu kafin nan, takardar ta faɗo, ta kai wa uwarta. Ba ta yi mini faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "Abban yara, wata huɗu?" Har yau da na tuna muryarta sai na sunkuyar da kai.

Likitan da ya zo dattijo ne mai magana a hankali. Ya ga kwanan watan da ke kan takardar, ya dube ni, ya tambayi dalilin da ya sa ban dawo ba. Da ƙyar na haɗa maganar. Na nuna masa kalmar na ce, "Likita, na san abin da wannan take nufi. Ita ta kashe mahaifiyata."

Ya jawo kujera ya zauna. Ya kama hannuna na hagu, ya nuna wani tsohon tabon ƙuna a bayan hannun. Ya ce, "Malam, in na rubuta rahoto a kan wannan, da wannan kalmar zan kira shi." Ya nuna wani ɗan ƙurji a wuyana ya ce shi ma haka. Ya ce ramin haƙorin da ya ruɓe, da gyambon ciki, da maruru, da tabon da bugun zuciya yake bari a tsokarta, da ƙari mai illa da marar illa, duk sunansu ke nan a bakin likita kafin a tantance su. Ma'anarta ba ta wuce cewa ga wani wuri a naman jiki da ya lalace ko ya sauya, bai yi kama da na kewayensa ba. Ba ta faɗin abin da ya jawo shi, ba ta faɗin ko zai warke. Ya ce mai karanta hoto inuwa kawai yake gani, don haka yana zaɓen kalmar da ba za ta sa shi faɗin abin da bai tabbatar ba. Labarin yana cikin kalmomin da ke kewaye da ita: ina wurin yake, nawa ne girmansa, ɗaya ne ko da yawa, bakinsa a shate yake ko a watse.

Sai ya karanta mini sauran layin da na ƙi karantawa. Ɗaya ne, a gaban ƙwaƙwalwa ta ɓangaren hagu, bai kai kan babban yatsa ba, ya yi zobe da aka sa ruwan allura mai haska hoto, kuma akwai kumburi kewaye da shi. A ƙasa mai hoton ya jero abubuwan da yake zato, na farko a jerin kuwa ƙullin tarin fuka ne. Har ya ba da shawarar a ɗauki hoton ƙirji. Duk wannan yana rubuce, cikin Turancin da na iya, wata huɗu a cikin ɗakina.

Aka yi hoton ƙirji, aka gwada majina, aka sake hoton kai da na'urar MRI. Tarin fuka ne. Ban taɓa sanin yana barin huhu ba. Likitan ya bayyana mini cewa ƙwayar cutar tana iya bin jini ta sauka a ƙashin baya, ko ƙoda, ko ƙwaƙwalwa, sai jiki ya kewaye ta da ƙwayoyin garkuwa ya yi mata ƙulli. Ƙullin nan da kumburinsa su ne suke danne wurin da ke sarrafa hannun dama da wurin da ke haɗa magana, don ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa shi ke juya daman jiki. Cuta ce mai magani. Da na ji haka na yi kuka, kuma ba kukan murna zalla ba ne, domin a take na tuna yaron da nake kwantarwa a ƙirji.

Aka gwada mutanen gidan duka. 'Yata ta biyu, mai shekara tara, an same ta da cutar a huhu, ta sha magani wata shida. Ƙaramin bai kamu da ciwon ba, amma tunda bai kai shekara biyar ba aka ɗora shi a kan maganin rigakafi. Aka sanar da makarantar da nake koyarwa don a duba ɗalibaina. Ba zan iya rantsewa da na koma a ranar farko da 'yata ba ta kamu ba, wataƙila ta riga ta ɗauka tun kafin nan. Amma wata huɗun nan ni na ƙara su da hannuna. Kowace safiya idan na ga tana runtse ido tana haɗiye ƙwayoyinta, sai in ji abin ya tsaya mini a wuya.

Nawa maganin shekara guda ya ɗauka. Wata biyun farko magunguna huɗu ne a haɗe, sauran wata goman biyu, ga maganin rage kumburi, ga na hana jijjiga, ga bitamin B6 don kada jijiyoyin ƙafa su yi ta zugi. Ɗaya daga cikinsu, rifamfisin, yana mayar da fitsari ja kamar an zuba rini, da ba a gargaɗe ni ba da na ce jini ne. Wani ya sa gaɓoɓina ciwo. Saboda wani kuma ana duba idona a ga ko ina bambance launuka. A wata na biyu ciwon kai ya dawo, aka sake hoto, ƙullin ya ƙara girma. Zuciyata ta koma gidan jiya. Amma wannan karon a hannun likita na buɗe takardar, na ce ya karanta mini kalma bayan kalma. Ya ce abu ne sananne, garkuwar jiki ce ta farfaɗo take faɗa da ƙwayoyin da magani ya kashe, shi ya sa wurin ya kumbura. Ya ƙara maganin kumburi, bai sauya sauran ba. Cikin makonni abin ya lafa.

Maganata ce ta daɗe ba ta dawo ba. Aka ce in riƙa karatu da ƙarfi kullum, ko me na ga dama. Na zaɓi in bi sawun kalmar da ta kusa kai ni kabari, wannan karon ba saiwarta kaɗai ba, har rassanta. Matata takan zauna kusa, idan na maƙale ta jira, ba ta taɓa ƙarasa mini ba.

A nan na gano cewa ta daɗe a kotu kamar yadda ta daɗe a asibiti. A dokar Rum, wanda ya sayar da fili ƙasa da rabin ƙimarsa yana iya neman a warware cinikin, kuma masana doka na baya suka raɗa wa wannan "laesio enormis", wato cutarwa mai girma. Dokar Faransa ta 1804 ta riƙe abin: mai gida ko fili da aka ƙware da fiye da kashi 7 cikin 12 na ƙimar yana da damar kai ƙara, kuma da wannan kalmar ake kiran ƙwarar. Laifin taɓa martabar sarki, wanda Faransawa ke ce wa "lèse-majesté", shi ma daga saiwar nan ya tsiro. Mutanen Sifaniya kuwa ko ɗan ƙwallo ya gurɗe a fili da ita suke faɗa, ba wanda gabansa yake faɗuwa.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne yadda ta samu gindin zama a likitanci. Ƙarnuka da dama likitocin Turai suna ganin cuta rikicewar ruwayen jiki ce gaba ɗaya, ba ta da mazauni. A 1761 wani malamin jami'ar Paduwa a Italiya, Morgagni, yana da shekara 79, ya fitar da aikin da ya tattara binciken gawawwaki ɗaruruwa, yana haɗa abin da mutum ya yi fama da shi yana raye da gaɓar da aka samu ta lalace bayan ya mutu. Bichat na Faransa, wanda ya rasu a 1802 yana da shekara 30 kacal, ya ce ba gaɓa duka take lalacewa ba, nau'in naman da ke cikinta ne, ya kuma kasa naman jiki kashi 21. A 1858 Virchow na Jamus ya gangara da maganar har kan ƙwayar halitta. Tun daga nan tambayar likita ta zama: ina wurin yake? Sai dai a zamaninsu, in wurin yana can ciki, sai mutum ya mutu ake ganinsa. Röntgen na Jamus ya gano hasken X-ray, mai ɗaukar hoton cikin jiki, a 1895, an fara ɗaukar hoton kan majiyyaci da CT a Landan a 1971. Ni da aka ga nawa ina raye, ina numfashi, har aka auna shi, sai na ɗauki takardar na ɓoye.

Ranar da na karanta labarin Broca, wani likitan Faransa, sai da na ajiye littafin. A 1861 a Faris ya duba wani majiyyaci da ya shafe kimanin shekara 21 ba ya iya furta komai sai "tan", alhali yana gane abin da ake faɗa masa. Da mutumin ya rasu, Broca ya buɗe kansa ya samu lalacewa a gaban ƙwaƙwalwa ta hagu. Kusa da inda nawa yake ke nan. Na san abin da mutumin nan ya ji, ka san abin da kake son faɗa sarai, ƙofar ta ƙi buɗuwa. Shi shekara 21 ya yi, kuma a lokacinsa ko ƙwayar tarin fuka ba a sani ba, sai a 1882 Koch, wani likitan Jamus, ya nuna ta. Ni kuwa maganin nawa yana nan, ni ne na ƙi zuwa wurinsa.

Na yi ta tunanin yadda za a faɗi kalmar da Hausa. Muna da rauni, da miki, da gyambo, da tabo, da ƙurji, da ƙari, kowanne da kamanninsa, da ka ji ka san abin da ake nufi. Ita kuwa rumfa ce da ta rufe su duka ba ta zaɓi ɗaya ba. Mafi kusa a ganina shi ne a ce "wurin da ya taɓu". Da haka aka faɗa wa yaro ɗan shekara 14, da tambayar da za ta fito daga bakinsa ita ce, me ya taɓa shi? A ra'ayina bai kamata a miƙa wa mutum irin wannan takarda a bakin taga ya tafi da ita shi kaɗai ba, ba tare da wani ya ce masa ko jimla biyu ba. Amma ba zan ɗora wa kowa nauyin abin da na yi ba. An ce in kai wa likita, ƙofarsa tana nan taku kaɗan daga bencin da na zauna.

Yau shekara uku da gama maganina. Na koma aji. Hannuna na dama bai dawo daidai ba, yana saurin gajiya, rubutuna ya ƙanƙance, kuma likita bai ɓoye mini ba cewa jinkirin yana da hannu a ciki. Idan na gaji har yanzu kalma takan ɓace mini, sai in tsaya, ɗalibaina sun saba, suna jira. Ina shan maganin hana jijjiga. 'Yata ta warke sarai, ta fi ni tsawo yanzu. A hoton ƙarshe da aka yi mini kalmar tana nan a layi na uku, amma an rubuta kusa da ita cewa wurin ya ƙanƙance ya ƙandare, ya zama kamar ɗan tsakuwa. Da shi za a binne ni, in ji likita, ba shi zai kai ni ba in Allah ya so.

Bara na je wurin Yaya na tambaye ta ko takardun Inna suna nan. Ta ɗauko wata tsohuwar jaka. Takardar ta yi ja, ninkinta ya kusa rabuwa, ga layin birona yana nan a ƙarƙashin kalmar. Na kai wa likitana ranar da na je a duba ni, na roƙe shi ya karanta mini.

Ya gyara tabarau ya karanta. Ya ce wanda na ja wa layi wata 'yar jaka ce mai ruwa a ƙodar dama, irin wadda ake samu a jikin manya da yawa, ba ta ciwo, ba ta kisa, yawanci ko magani ba a ba ta. Sai ya juya takardar. Ashe akwai rubutu a baya, layi uku a kan hanta, da wasu kalmomi dabam waɗanda ko a yau sai da ya fassara mini. Ya tambaye ni ko na taɓa ganinsu.

Na ce a'a, ranka ya daɗe, ban taɓa juya ta ba.